Yadda na binciki Mumuni a Mansura

Akwai magana da ke yawo a gidan nan tun bayan auren Hajara, kuma na ji ta a bakin fiye da mutum ɗaya daga cikinku. Wasu na cewa na ƙi Mumuni da farko don shi mutumin Gana ne. Wasu na cewa na je Doha na ɓata, sai da aka nemo ni. Ban ƙi shi ba, ban kuma ɓata ba. Zan faɗi abin yadda ya faru, daga farkonsa zuwa ƙarshensa, don kada a ci gaba da ba da shi a karkace bayan ba na nan.

A lokacin na daɗe da ajiye aikin jirgin ƙasa. Yayanku Nasiru yana aiki a wata jami'a a Doha, ya kama sashen gida a unguwar Garrafa shi da iyalinsa. Hajara ta samu gurbin karatun digiri na biyu, ta bi shi, tana zaune a wurinsa. Wata rana bayan la'asar ina zaune a zaure, uwarku ta leƙo ta tsaya a bakin ƙofa. Idan ta tsaya haka ba ta zauna ba, na san da magana.

"Malam, Hajara ta samu wanda take so."

"Ɗan wa ne?"

"Ɗan Kumasi ne, Mumuni sunansa. Mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Nasiru ya yaba da shi ƙwarai."

"Ban tambaye ki wanda ya yaba da shi ba. Ɗan wa ne?"

"To, Malam, ni Kumasi na taɓa zuwa?"

Kun san ban taɓa aurar da 'ya ba tare da bincike ba. Haka na yi wa yayyenta duka, haka kuma mahaifina ya yi wa ƙannena. Bincike yana da ƙa'ida. Ana fara shi daga maƙwabta, sannan inda mutum yake cin abinci ko yake zaman hira, sannan masallacin da yake salla. Ba a tambayar danginsa, ba a tambayar wanda ya riga ya so shi, kuma shi kansa ba ya sanin ana yi. Amsa ma tana da fassara. Idan aka ce maka, "Yaron kirki ne, sai dai yana da kaza," ka samu suruki, domin mutanen sun san shi har ciki. Idan aka yi ta yabo babu "sai dai", ka ƙara tambaya a gaba. Amma idan mutanen da suke kwana su tashi da shi suka dube ka suka ce, "Ba mu san shi ba," to ka naɗe tabarmarka. Bahaushe ba ya son ɓata ɗan wani da bakinsa, wannan ita ce hanyar da yake ce maka kada ka ba da 'yarka. Mumuni ya yi shekaru a Doha, kuma mutum inda yake kwana ake tambayarsa. Nasiru ya daɗe yana roƙon in je a duba min ido. Na ce masa na amince.

Kwanakin farko a mota suka ƙare. Nasiru yana tuƙi, wata muryar mace a cikin wayarsa tana ce masa ya yi dama, ya yi hagu, shi kuma yana bi kamar yaron makaranta. Na tambaye shi ina gabas, sai da ya duba waya. Suka gayyato Mumuni cin abinci don in gan shi. Ya zo da tsabtarsa, ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Hausarsa irin ta mutanen zangon Gana ce, ba ya raba mace da namiji a magana, ya ce da ni "Hajara ya gaya mini kun iso lafiya." Ban ga laifinsa a zaman nan ba, amma gaisuwa ba shaida ba ce, kowane mai neman aure ya iya durƙuso. Abin da na je nema a zaman na samu: ya ce yana zaune a Mansura kusa da tashar jirgi, yana cin abinci a shagon wani ɗan garinsu, yana salla a wani ƙaramin masallaci da ke bayan shagon. Matsalar ita ce yadda zan kai kaina can. Idan Nasiru ya kai ni, Hajara ta ji, idan Hajara ta ji, Mumuni ya ji. Sai na ce wa Nasiru ya samo min katin jirgin ƙasansu, ina so in ga yadda suke aiki. Ba ƙarya na yi ba, ina son ganin.

"Baba, zafi fa. Bari in riƙa kira maka tasi ta waya, ta ɗauke ka a ƙofar gida."

"Tasin da za ta gaya maka inda na sauka?"

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake yi. Ya kawo katin.

Ban tafi Mansura kai tsaye ba. Mutum ba ya zuwa aiki a hanyar da bai sani ba, don haka na fara koyon hanyar. Garrafa ba ta da tasha a cikinta. Akwai wata ƙaramar bas da ke zagaya unguwa tana kwasar mutane zuwa tasha, kuma rumfar jiranta ɗaki ne na gilashi mai sanyi a ciki. Ranar farko na tsaya a waje cikin rana, don na ɗauka ofishin wani ne, sai da na ga wani ɗan Indiya ya tura ƙofa ya shiga ya zauna. A tasha ana sauka ƙarƙashin ƙasa a kan matakala mai tafiya da kanta. Ka ɗora kati, ƙofa ta buɗe. Babu mai sayar da rake, babu ɗan kamasho, babu mai duba tikiti irina. Tsakanin mutane da layin dogo akwai bangon gilashi, ba ya buɗewa sai jirgi ya tsaya, kuma ƙofar jirgin tana tsayawa daidai da ƙofar bangon, ba ta wucewa ko da taƙi ɗaya. Na ce lallai wannan direba gwani ne, bari in je in gan shi. Na bi tarago har gaba, na tarar da taga, da kujera, da wata mata tana cin gyaɗa. Babu direba. Na tsaya a tagar nan ina kallon ramin yana zuwa, ina tuna direbobinmu da suka tsufa a kan injin, waɗanda ke jin lafiyar dogo ta tafin ƙafarsu. Ban yanke hukuncin wanne ya fi ba, har yau. Sau ɗaya na shiga taragon mata da iyali ban sani ba, wata ma'aikaciya ta zo ta nuna min alama a bango, ta raka ni zuwa nawa cikin ladabi. Ban ji haushi ba. Wurin da ke da doka ya fi wurin da ba shi da ita.

Layukan uku ne, ja da kore da ruwan zinariya, kuma duka suna haɗuwa a wata babbar tasha da ake kira Mushairib. Na haddace sunayen tashoshin koren layi a jere, kamar yadda na haddace na Zariya zuwa Ƙauran Namoda ina saurayi. Wata rana na bi jan layi har ƙarshensa na kudu, na fito na ga teku, na koma na bi shi har ƙarshensa na arewa, na dawo gida ban rasa azahar ba. A nan na gane ƙanƙantar ƙasar. A wurinmu idan ka kai ƙarshen layi ka kwana a hanya. Wata rana kuma na sauka a Mushairib na taka zuwa Asmak, tsohuwar unguwa mai gidaje gajeru da shaguna a manne da juna, na ji kamar ina Sabon Garin Zariya. A can na lura kowane gini yana da shuɗin allo da lambobi uku, na gini da na titi da na shiyya. Ba a cewa gidan wane kusa da bishiyar kaza. Na kuma koyi cewa ba a tsallaka titi inda aka ga dama, sai inda aka zana, sai kuma fitila ta ba ka izini, ko da babu mota ko ɗaya. Na kan tsaya ni kaɗai a bakin titi ina jiran fitila, ina jin daɗin hakan.

Da hanya ta zauna min, sai na shirya wa aikin da ya kawo ni. Mansura ita ce tashar ƙarshe a koren layi, don haka babu batun wucewa. Na sa farin kaftanina mai guga, da hula, da tabarau, da alƙalami a aljihun gaba kamar yadda na saba tun ina aiki. Mai zuwa bincike yana zuwa da kamala don a ba shi amsa da kamala. Ina fitowa daga ƙarƙashin ƙasa na san na shigo wata Dohar dabam. Benaye ne tsofaffi, an shanya kaya a kowace taga, ƙanshin albasa da kori, kayan yajin Indiyawa, yana fitowa daga ko'ina, ga 'yan babur masu kai abinci sun jeru a inuwa. Maƙwabta su ne ƙofar farko, amma ban san lambar gidan Mumuni ba, kuma waɗanda na tarar a bakin gidajen 'yan Nepal ne da 'yan Bangaladash, ba mu da harshe ɗaya. Sai na bi kunnena. A wani lungu na ji ana gardamar ƙwallo da Hausa a cikin shagon aski. Na yi sallama, aka amsa da fara'a, aka ba ni kujera. Mai shagon wani kakkauran mutum ne da ake kira Fuseni. Muka gaisa, ya tambaye ni Najeriya, na tambaye shi Gana. Sannan na shiga tambaya a jere, yadda na saba.

"Akwai wani yaro Mumuni, ɗan Kumasi, mai gyaran na'urar sanyi. A wane gida yake kwana? Da wa yake zama? Wane ne kafilinsa?"

Kalmar kafili a bakin Nasiru na koye ta. Shi ne wanda ya ɗauko ma'aikaci, wanda takardun zamansa ke hannunsa. Na ɗauke shi kamar ubangida a wurinmu, inda akan tambaya yaron wane ne. Ina rufe baki gardamar ƙwallo ta mutu. Fuseni ya dubi aljihuna, ya dubi takalmina.

"Ba mu san shi ba, Alhaji."

Na yi godiya na fita. Na nemi shagon abincin, na same shi, na sayi shinkafa da wake da suke kira wace, na ci, na yaba, na yi tambaya. Mai abincin ya ce bai san shi ba. Na jira azahar a ƙaramin masallacin. Bayan sallama na ga kowa yana zuwa yana gaishe da wani tsoho mai jan gemu, ana ce masa Baba Isaka. Na ce wannan shi ne dattijon wurin. Na matsa na gaishe shi, na faɗi sunan. Ya ja carbinsa ya ce Mumuni suna da yawa a duniya, shi kam bai san wanda nake nufi ba. Ƙofa biyu ke nan, da dattijo a kai. Na koma wata rana na tambayi wasu mutanen dabam, amsa ba ta canja ba.

A cikin jirgi ina komowa ban je taga ba. Na zauna ina tunanin Hajara. Ita ce ta fi kowa kama da ni a cikinku, ba ta faɗin abu sai ta auna shi, kuma ban taɓa ganin ta sake da mutum kamar yadda ta sake a zaman cin abincin nan ba. A gida kuma sai na ga fuskarta ta canja. Na ji tana gaya wa matar Nasiru cewa Mumuni ya bar ɗakinsa, ya koma kwana wurin wani abokinsa a unguwar masana'antu, can bayan gari, kuma ya ƙi gaya mata dalili. Na haɗa wannan da wancan: mutumin da unguwarsa ta ce ba ta san shi ba, ga shi kuma ba ya kwana wuri ɗaya. Na kira uwarku na ce mata ina jin abin nan ba zai yiwu ba. Ta ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, amma in san yadda zan gaya wa yarinyar.

Abu ɗaya ne ya hana ni gaya mata a ranar. Na sha jin "ba mu san shi ba" a rayuwata, kuma na san yadda take fitowa. Tana fitowa a hankali, mai faɗinta yana kallon ƙasa, kuma idan ka fita wani yakan biyo ka waje ya raɗa maka dalili. Ta Mansura da sauri take fitowa, wani lokaci kafin in gama faɗin sunan, idonsu a kaina, kuma babu wanda ya taɓa biyo ni. A ɗakin kaya na tasha, kafin a ɗora buhun kowa a sikeli, sai an fara ɗora ƙarfen da aka san nauyinsa. Idan sikeli ya yi ƙarya a kan ƙarfen, ba a hukunta buhu. Na ce bari in ɗora ƙarfe.

Na koma da hantsi. Allah ya taimake ni, na tarar da Baba Isaka kansa a kujerar aski, an lulluɓe shi da zane, Fuseni yana kankare masa kai. Mutum uku na zaune a benci. Na yi sallama, aka amsa a taƙaice. Ban zauna ba.

"Yau wani nake nema dabam. Wani dattijo, Baba Isaka."

Askar Fuseni ba ta tsaya ba.

"Babu mai wannan suna a nan, Alhaji."

"Tsoho ne, mai jan gemu. Yana salla a masallacin nan na baya."

"Ba mu san shi ba."

Na dubi na kan benci ɗaya bayan ɗaya, kowa ya girgiza kai. Sai na ga zanen da aka lulluɓe tsohon da shi ya fara rawa.

"Fuseni," in ji shi, "ɗauke askarka daga kaina kafin ka yanka mutumin da ba ka sani ba."

Shagon ya fashe da dariya, har wani ya faɗo daga benci. Ni ban yi dariya ba, amma na gane sikelin ne ya yi ƙarya, ba buhun ba. Tsohon ya juyo da kansa rabi a aske.

"Alhaji, ka kama mu. Shi ke nan. Yanzu kai ma ka faɗi gaskiya. Wa ya aiko ka? Ofishin hukuma ne, ko kafili?"

A nan na tsaya. Ƙa'idar ita ce ba a faɗa. Ban taɓa buɗe bakina a wurin bincike na ce ga abin da ya kawo ni ba, domin da zarar an sani, yabo ake yi maka. Amma na ga idan na riƙe ƙa'idar zan koma Zariya da amsar da ba ta Mumuni ba ce, in yanke hukunci a kanta. Na zaɓi in faɗa.

"Ba wanda ya aiko ni. Ni ne mahaifin Hajara."

Fuseni ya ajiye aska ya ɗora hannu biyu a ka.

"La'ilaha illallahu! Suruki ne! Jama'a, mun sa yaro ya gudu daga surukinsa!"

"Kai ne ka ce ɗan sandan ciki ne," in ji wani daga benci.

"To wa ke yawo da alƙalami a Mansura? Kai ka taɓa ganin mai alƙalami ya zo da alheri?"

Baba Isaka ya sa aka ba ni kujera, aka aika a kawo shayi mai madara. Ya yi min bayani a nutse. Mumuni yana aiki da kamfani, amma ranar Juma'a yakan ɗauki jakarsa ya gyara wa mutanen unguwa na'urorinsu, kuma wannan aikin ba ya cikin takardarsa. Idan maganar ta kai inda bai kamata ba, za a iya sallamarsa gida. Sai ga dattijo da farin kaya yana tambayar inda yake kwana da sunan kafilinsa. A ranar farko suka aika masa ya kwashe kayansa.

"A gida, Alhaji, wanda ya zo tambayarka baƙo ne, sai a ba shi ruwa. A nan duk mai nemanka da alheri yana da lambar wayarka. Wanda ba shi da ita kuma yana nemanka, ba mu san ka ba, ba mu san kanmu ba."

Na ce na ji. Sannan na ce tunda sun san dalilina, ba na son yabo, ina son abin da za su faɗa idan 'yarsu ce. Suka fara da alheri duk da haka. Suka ce lokacin da wani abokin ɗakinsa ya kwanta a asibiti, shi ya yi ta jinyarsa bayan tashi daga aiki, da ya rasu kuma da shi aka yi masa wanka. Baba Isaka ya ce ya san mahaifinsa a Kumasi, mai sayar da goro ne, ya rasu da mutuncinsa. Na bar su suka gama, na ce saura "sai dai". Suka dubi juna.

"Yana da zuciya," in ji Fuseni. "Ranar da aka ci ƙungiyarsa ya fasa min madubi. Ga shi can, shi ya sayo sabo, amma har yau bai ce in yi haƙuri ba."

"Haka yake," in ji tsohon. "Zai gyara abin da ya ɓata, amma bakinsa ba ya iya ba da haƙuri. Idan 'yarka mai jiran a ce mata yi haƙuri ne, zai daɗe yana jira."

Na gane 'yata yake nufi da mai jiran. Na ce ta saba, a gidan irin wannan mutumin ta tashi. Wannan karon ni ma na ɗan yi murmushi.

Waya ta fi jirgi sauri. Ina sauka daga ƙaramar bas a Garrafa na ga Hajara a cikin rumfar gilashi, ita kaɗai, da jakar makarantarta. Ta gaishe ni yadda ta saba, ba ta rage komai ba. Muka kama hanyar gida, tana bayana da taku ɗaya.

"Baba, ashe kai ne."

"Ni ne."

"Ya rasa gadonsa. A Mansura ba a barin gado ya kwana babu kowa, an riga an ba wani. Yanzu bas biyu yake hawa kafin ya kai wurin aiki. Masu ba shi gyara ranar Juma'a sun samu wani."

"Na ji."

"Da ka tambaye ni, da na gaya maka komai."

"Ba a tambayar mai so."

Muka ƙarasa gida. Daga ranar, gaisuwar safe da ta yamma kawai ke haɗa mu. Takan ajiye min shayi ta fita kafin in ɗaga kofi. Abin ya dame ni fiye da yadda na nuna. Amma ku sani, da za a mayar da ni baya, zan sake yin binciken. Alƙalamin kawai zan bari a gida.

Saura abu ɗaya. A al'ada uban yarinya ba ya zuwa wurin mai neman 'yarsa. Amma tambayata ce ta tashe shi daga inda yake, kuma ban ga ya dace ya ji hukuncina ta waya ba. Unguwar masana'antu ba ta kan layin jirgi. Baba Isaka ya kwatanta min bas ɗin da zan hau da inda zan sauka, ya ba ni lambobi uku na shuɗin allon ginin. Wannan ita ce ranar da kuke cewa na ɓata, don na fita ban gaya wa kowa ba kuma na kashe waya. Bas ta bar dogayen benaye a baya, ta shiga tsakanin garejoji da manyan motoci da tulin ƙarafa, duk fasinjojin maza ne cikin kayan aiki, wasu suna barci a zaune. Na sauka inda aka ce, na bi alluna har na samu lambar. Na tarar da Mumuni a tsakar gini ya dawo daga aiki, yana wanke hannu a famfo. Da ya gan ni ya daskare, ruwa yana zuba.

"Alhaji. Wa ya kawo ka nan?"

"Ni na kawo kaina. Rufe famfon."

Ya rufe. Ya durƙusa ya gaishe ni, amma na ga muƙamuƙinsa yana motsi, na ce lallai Fuseni bai yi ƙarya ba.

"Alhaji, da ka ce mini kana son ganin inda nake, da na ɗauke ka na kai ka da kaina."

"Na sani. Shi ya sa ban ce ba. Na gama abin da na zo yi. Ka turo magabatanka."

Bai yi godiya ba, ni ma ban ba shi haƙuri ba. Ya tashi ya shiga ciki, ya fito da ruwa mai sanyi, ya tsaya har na shanye. Sannan ya sa takalmi ya hau bas tare da ni, ya raka ni har tashar jirgi, ya tsaya sai da ƙofar gilashi ta rufe.

Ranar Juma'a bayan la'asar suka zo Garrafa, Baba Isaka a matsayin wakilin kawun Mumuni da ke Kumasi, da Fuseni cikin wata babbar riga da ta yi masa kaɗan. Nasiru ya shimfiɗa musu darduma a falo. Tsohon ya yi magana yadda ake yi, na amsa yadda ake amsawa. Sannan ya zaro wani ƙulli daga aljihu ya kwance. Goro ne, wanda wani ya zo da shi daga Gana tun makonni, ya yi yaushi, gefensa ya fara baƙi. Ya ce in yi musu uzuri, abin da ƙasar ta samu ke nan. Na ɗauki ɗaya na ɓare shi biyu, na ci rabi a gabansu. Ɗaya rabin na ɗora a faranti, na ba matar Nasiru na ce ta kai wa Hajara ciki. Muka ci gaba da hira, kunnena yana ƙofa. Can sai ga Hajara da kanta ta shigo da tiren shayi, kanta a lulluɓe. Ta bi baƙi ta zuba wa kowa, ta zo kaina a ƙarshe. Ta zuba, ta miƙo min, ba ta fita ba. Ta durƙusa a gefena har na shanye.